Waya Ta Bakwai da Waya Ta Takwas

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so in manta, ƴan tashar Agiye ba za su bar ni ba. Shekara shida ke nan da faruwar abin. Na yi aure, na haihu, gemu ya cika mini fuska, amma har yau in na ratsa ta tasha sai wani ɗan kamasho ya ɗaga murya ya gaishe ni da sunan da ba a yanka mini rago da shi ba.

Lokacin ina da shekara ashirin da huɗu. Na dawo daga Maradi da takardar koyon aikin sauti ta wata tara, da jakar kayan aiki, da kan da ya kumbura kamar ya fashe. Ni mutumin wajen Gidan Rumji ne, amma neman abinci ya kai ni wani ƙaramin gidan rediyon jama'a a ƙasar Agiye (ba zan faɗi sunansa ba, kunyar da na jawo musu ta isa haka). Ranar da na fara, shugabar gidan, Madam Rabi, ta zaunar da ni a buronta ta ce, "Wata uku za mu gwada ka. In ka yi, kujerar teknisiyan taka ce, don Baba Tanko ya gaji, idonsa ya fara rauni. In ba ka yi ba, hanyar da ta kawo ka tana nan, ba a naɗe ta ba." Ni kuwa ina son kujerar nan kamar raina. A garinmu an riga an baza cewa ɗan gidan Malam ya zama injiniyan rediyo, kuma ban shirya komawa in ɗauki hauya ina amsa tambayar "yaya aka yi?" a kowace ƙofar gida ba.

Baba Tanko shi ne tsohon da zan gada. Gyaran rediyo yake yi a kasuwa tun kafin a haife ni, kuma da aka buɗe gidan, shi ya ja kowace waya da hannunsa. Bari in kwatanta muku wurin don ku gane ɓarnar da na yi. Ɗaki biyu ne, da gilashi a tsakani. Ɗaya shi ne sutudiyo, inda mai gabatarwa da baƙi ke zama. Ɗayan kuma namu ne, inda konsol yake, wato teburin nan mai maɓallai da ake ɗaga murya a sauke. Daga bayan konsol wayoyi goma sha biyu ne ke shiga wani bututun roba da aka binne a bango, su ɓullo ta can ƙarƙashin teburin baƙi. Wasu su tafi mikro, ɗaya ta tafi akwatin da mai gabatarwa ke jona abin kunnenta, ɗaya kuma ta wuce ɗakin baya wurin emetar, injin da ke tura murya sama zuwa eriya duniya ta ji.

To, yadda Baba Tanko ke gane wayoyinsa shi ne da tsumma. Akwai wani tela a maƙwabta, sai Baba ya je ya kwaso ƙyallayen da aka zubar, ya tsaga kowane biyu, ya ɗaura rabi a wannan bakin wayar, rabi a wancan. Mai shadda ta nan ita ce mai shadda ta can, shi ke nan. Har ma'aikatan gidan sun saba, da yaren tela suke aiki. Sai ka ji an ce, "Baba, mai atamfa na ƙara," ko "Ɗaga mini mai jan yadi." Ranar farko da na leƙa bayan konsol na ga tsummokara suna lilo, sai da na yi dariya a gabansa (Allah Ya yafe mini), na ce, "Baba, nan sutudiyo ne ko shagon ɗinki?" Ya ci gaba da taunar goronsa.

A Maradi an koya mana yadda ake yi. Kowace waya a ba ta lamba, a liƙa lambar a bakinta biyu, a rubuta takarda a manna a bango: lamba kaza daga wuri kaza zuwa wuri kaza. Koyarwar ba ta da aibu ko kaɗan, har yau da ita nake aiki. Sai dai akwai wani layi guda a cikinta da ina jin ranar da malamin ya faɗe shi ina gyangyaɗi.

Saura kwana huɗu wata ukuna su cika, sai na ga ban yi wani abin a zo a gani ba. Ina zuwa da wuri, ina shara, ina ɗaga murya ina saukewa, amma wannan ai Baba ma yana yi da ido ɗaya a rufe. Ina son abin da Madam za ta shigo ta gani ta ce, "Lallai an kawo mana ɗan boko." Ranar Lahadi, bayan an rufe shirin safe, na sayo farin sikoc na liƙawa da bik na rubutu, na aro almakashi wurin telan nan dai (shi ma da ya san abin da zan yi da shi da bai ba ni ba). Baba Tanko na zaune gindin bishiyar bedi a tsakar gida da ƴar rediyonsa a cinya, inda yake zama kullum yana sauraron abin da muke fitarwa. Ya ga kayan hannuna, ya tambaya, na yi masa bayani da Faransanci fiye da yadda ake bukata.

Ya ce, "Aikin ga na mutum biyu ne, ɗana. Bari in shiga ta can, ka riƙa ja ina gaya maka wadda ta motsa."

Na ce, "Baba, ka huta abinka. Wanga aikin lissafi ne."

Ya dube ni, ya ce, "To."

Yau in wani tsoho ya ce mini "to" irin wannan, ajiye abin da ke hannuna nake yi in je in yi alwala. A lokacin kuwa na ɗauka ya sallama ne.

Na shiga na bi tsummokaran nan da almakashi, ƙyat, ƙyat, ƙyat, ashirin da huɗu cif, ina jin daɗi har cikin raina. Na zare wayoyin daga bayan konsol, na jera su yadda suka shiga bututu, daga wannan gefe zuwa wancan, na liƙa musu ɗaya zuwa goma sha biyu. Na zagaya sutudiyo, na zazzare su duka don in miƙe su su yi kyan gani, na jera su yadda suka fito daga bututu, na sake liƙa ɗaya zuwa goma sha biyu. A lissafina, wayar da ta shiga ta gefen gabas ai ta gabas za ta fito, kamar ƴan makarantar lakol a layi. Ban taɓa tunanin cewa a cikin bangon sun shekara goma suna murɗe da juna ba.

Kuma kada ku ce Allah bai nuna mini ba. Ya nuna mini. Da na zo gwada mikro ni kaɗai, sai in kunna waƙa a salula, wato wayar hannu, in ajiye a bakin mikro, in ruga ɗakinmu in ga wane layi ke motsi, in rugo in matsar da ita gaba. Na yi safa da marwa har rigata ta jiƙe sharkaf. Cikin mikro shida, huɗu a hargitse suka fito: na ajiye a ta biyu, ta biyar ke amsawa. Mai hankali a nan zai tsaya ya ce, to, in waɗannan sun rikice, sauran fa? Ni sai na leƙa ta taga na tabbata Baba bai gani ba, na ɓanɓare sikoc na musanya, na ce ƙaramin kuskure ne.

Saura ta bakwai da ta takwas. Baƙaƙe ne, masu kauri, kamar tagwaye. A takardata ta bakwai ita ce ta kunnen mai gabatarwa, ta takwas ita ce ta emetar. Na sa waƙa, na je na saka abin kunne, ga waƙa tana fita. Na kasa kunne waje, ga ta tana fita a ƴar rediyon Baba. Alhamdu lillahi, aiki ya yi! Abin da na manta shi ne, wayoyin nan biyu kusan kaya ɗaya suke ɗauka. Bambancinsu guda ne: ta kunne tana ɗauke da muryar teknisiyan in ya danna wani jan maɓalli da muke kira maɓallin raɗa, wanda da shi muke yi wa mai gabatarwa magana a asirce ana cikin shiri. Wannan maɓallin ba ya gwaduwa sai da mutum biyu, ɗaya ya yi magana, ɗaya ya ce ya ji. Ni kuwa na riga na ce wa mutum na biyun ya huta.

Da yamma wa'azin da aka naɗa aka sa, da waƙoƙi, ba wanda ya bukaci raɗa. Na koma masauki ina tafiya ƙasa na yi mini kaɗan.

Washegari ranar kasuwa ce, kuma ranar babban shirinmu. Damina ta kusa, Habsu, wadda ta fi kowa iya tambaya a gidan, ta gayyato Sarkin Noma da Ardo su tattauna kan burtali: ina shanu za su bi, ina gona ta tsaya. Irin wannan shirin ba manomi ba makiyayi, har mai shayi da direban tasha ƙure rediyo suke yi. Madam Rabi ta leƙo kafin ta wuce taro buron magajin gari, ta ga fararen lambobi a jere da takarda a bango, ta gyaɗa kai ta ce, "Ba laifi." Wannan "ba laifi" ita ta kai ni wurin mai ɗan wake na yi wa kaina walima: kwano biyu, yaji har sai da mai abincin ta ce, "Malam, ka tabbata?"

Shiri ya fara lafiya lau. Muryoyi tas, ba ƙara ba tsaki. Sai dattawan nan suka ɗau zafi. Sarkin Noma ya ce bara an ci masa gefen gona, Ardo ya ce gefen gonar nan tun zamanin kakansa hanyar shanu ce. Wajen minti arba'in sai na ji cikina ya yi wani irin juyi. Na ce bari in daure. Awa guda ta cika, ba alamar rufewa, ciki kuma ya fara kiran sunana. Na danna jan maɓalli na ce, "Habsu, lokaci ya yi, ki naɗe."

Ko gezau. Da ma in ta ji raɗa takan ɗan taɓa kunnenta, amma yau ko kallon gilashi ba ta yi ba.

Na sake dannawa. "Habsu! Ko kin kurumce ne? Na ce lokaci ya wuce."

Sai ma ta gyara zama ta ce, "Ranka ya daɗe Ardo, ko akwai abin da za ka ƙara?" Kai! Raina ya ɓaci. Ka san mutum in ya yi zaton ba mai jin sa sai abokin aikinsa, bakinsa ba linzami. Na danna na ce, "Mi zai ƙara kuma? Shi Ardo in aka ba shi mikro sai ya kai mu Gazawa da ƙafa ya dawo kafin ya taɓo maganar da aka tambaye shi. Shi kuma Sarkin Noma tun ɗazu zance ɗaya yake tuƙawa kamar tunkiya. Ki rufe mana!"

Na ga salularta na haske a kan tebur, kira na shigowa bisa kira, ta kife ta. Tawa kuwa a kashe take, don ni da kaina na rubuta takardar da ke ƙofa mai cewa a kashe salula.

Daga nan fushi ya ƙare, roƙo ya fara. Gumi na zuba, na dafe ciki da hannu ɗaya, na danne maɓalli da ɗayan, na kwantar da murya yadda ban taɓa kwantar wa mace ba. "Habsu, don girman Allah, don darajar iyayenki. Ɗan waken da na ci ya tayar mini da yaƙi a ciki. Wallahi in kika ƙara minti biyar, a nan bisa kujerar Baba Tanko za a yi ta."

Sai ƙofa ta buɗe. Baba Tanko ne, da ƴar rediyonsa a hannu, bai yi sauri ba, bai kuma yi nawa ba. Yatsana na kan maɓalli, na juyo a fusace na ce, "Baba, mi kake nema nan? Kai tsaye muke!"

A daidai lokacin na ji wani mara kunya yana faɗin haka daga cikin hannun Baba.

Na yi tsit. Rediyon ta ci gaba da muryar Ardo. Don ku san iyakar wautata, sai da na matsa kusa da mikro na ce, "Alo?" Rediyon ta ce, "Alo?"

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.  Baba ya sa hannu ya ɗaga yatsana daga maɓallin a hankali, ya ƙwanƙwasa gilashi ya yi wa Habsu alama ta yi sallama, ya sa waƙa. Sannan ya ce, "Tahi ka kewaya tukuna. Jama'a na cikin damuwa."

Makewayin gidan a can ƙarshen fili yake, dole sai ka ratsa ta gaban ƙofar waje. Kafin in fito, mutane sun taru daga kasuwa, wasu da rediyo a kafaɗa. Na sunkuyar da kai ina sauri irin na wanda ba ya son a ce yana sauri, sai wani ya yi ihu, "Ku ba shi hanya, saura minti biyu!" Tun daga ranar sunana ya koma Minti Biyar.

Su baƙin ba su ji komai ba a ciki. Sun fito suna fara'a, sai mutanensu suka tare su da labari, kowa na ƙara gishiri. Dattawan nan da suka kwashe awa guda ba su yarda da juna a kan taku ɗaya na ƙasa ba, a bakin ƙofa suka yi ittifaƙi nan take cewa yaron nan ba shi da tarbiyya. Habsu kuwa sati biyu ba ta amsa gaisuwata ba.

Madam ta dawo ta kira ni buro. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta ce, "Muna tsakiyar taro aka shigo da labari. Magajin gari da kansa ya ce in gaishe ka da jiki." Na so ƙasa ta tsage. Ta ce in je in ba dattawan nan haƙuri har gida, kuma ranar Laraba za a san matsayina. "Ba ni zan yanke ba. Kujerar wanda ka ambata a rediyo ce, shi zai faɗi wanda zai zauna a kanta." Na fito na san tawa ta ƙare. Mutumin da na yi wa dariya, na yanke masa aikin shekara goma da almakashin aro, shi ne alƙalina.

Sarkin Noma ya bar ni a durƙushe a zaure gaban mutane, ya ce in nuna musu yadda tunkiya ke tuƙa, don shi bai taɓa lura ba. Na nuna. Aka yi dariya har da hawaye, sannan ya ce ya yafe. Ardo kuwa ya karɓe ni da mutunci a rugarsa, ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, ya saurari ban-haƙurina har ƙarshe. Sai ya ce, "Bari in ba ka tarihin burtalin nan." Ya faro daga kakan kakansa. Daga hantsi har rana ta take tsaka ina zaune, ba halin motsi. Ya kai ni Gazawa da ƙafa, ya dawo da ni, ya sake mayar da ni. Da zan tafi ya ba ni wata saiwa mai ɗaci ya ce in jiƙa in sha, tana ɗaure ciki.

Talata da rana na je gindin bedi na durƙusa na ce, "Baba, don Allah ka zo ka tsaya mini ta can." Ya tashi ba gardama. Ina ja yana kira, yana ja ina kira, ko rabin awa ba mu yi ba. Ban da bakwai da takwas, sai da muka samu wasu biyun da na yi wa sunan ƙarya. Na ɗauko almakashi zan tsaga tsumma in mayar masa da kayansa, sai ya riƙe hannuna. "Bar lambarka, ta hi. Ni yanzu idona ba ya raba shuɗi da kore, bara sau biyu ina jona atamfa wurin shadda. Rubuta su da girma dai." Wallahi wannan maganar ta fi ihun ƴan kasuwa yi mini ciwo. Ashe da na tambaya, da shi zai fara murna da aikin. Kunya ta kama ni har na kasa ɗaga kai.

Laraba Madam ta tara mu a buro, ta ce, "To Baba, mi ka gani?" Ni kam har na fara tsara abin da zan faɗa a gida.

Baba ya gama taunar goronsa, ya ce, "A bar shi. In kika kawo sabo, sai mun jira shi ma ya yi tasa. Wanga ya riga ya yi. Mutumin da ƙasar Agiye duka ta san muryarsa da halin da cikinsa ke ciki, ina za shi ya sake yin girman kai?"

Haka na samu kujerar, kuma har yau ina kanta. Abin da na koya shi ne, lamba ba ta san gaskiya ba, abin da ka rubuta mata shi take faɗa, don haka kada ka raɗa wa waya suna sai wani ya shaida maka ɗaya bakinta. Sannan duk maganar da ba za ka iya faɗa a tsakiyar kasuwa ba, kada ka faɗe ta kusa da mikro, ko da ka rantse a kashe take. Ɗan wake kuwa ina ci, ban fasa ba, amma sai an rufe shiri.